Fulawar Kaka Ta Fito Ja

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar bikin sallamar yayata Rifkatu a gidanmu na Kwoi. Har yau in na ga mutum da tankin feshi a baya, sai gabana ya faɗi.

A bayan ɗakin kakarmu akwai wata fulawa, ros ce mai ruwan ɗorawa. Kaka ta ce tun tana budurwa ta samo reshenta a harabar mishan, ta soka a ƙasa, ya kama. Ƙayarta ta fi ganyenta yawa, amma ba ta san mutuwa ba. Awaki sun ci, rani ya gasa, wutar daji ma ta taɓa lasar gefenta, da ruwan fari ya sauka sai ta dawo. A gidanmu, duk yarinyar da za ta yi aure, ranar sallamarta babbar mace a dangi takan yanko reshe a gaban jama'a, ta naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, ta ba ta ta je ta dasa a gidan miji. Kaka kuwa ba ta tsaya ga 'yan gida ba. Ko mai tallan kunu ce ta yaba, sai ta tafi da reshe.

Da ciwo ya kwantar da Kaka, ni ta riƙe wa hannu ta ce in kula da fulawar. Bayan mun binne ta, na ɗauki abin kamar an ba ni makullin coci. Na yi wa fulawar shinge mai tsawo (ita da ƙayarta ta ishe ta tsaro), na kuma daina ba kowa. Maƙwabciyarmu Mama Talatu, ƙawar Kaka a zumuntar mata, ta zo ta ce wadda Kaka ta ba ta ta mutu lokacin da ɗanta ya zuba siminti a tsakar gida, in taimaka mata da reshe ɗaya na tunawa. Na ce mata sai na yi shawara. Da wa zan yi shawarar, ni ma ban sani ba. Ta dube ni, ta gyara ɗaurin zaninta, ta tafi.

Shekara ta zagayo, aka sa ranar Rifkatu. Sai na ga wasu ƙananan ƙwari sun lulluɓe ganyen. Na daka ganyen dogon yaro, na haɗa da sabulu kamar yadda Kaka ke yi. Ita da tsintsiya take yayyafawa, amma ni da na yi sakandare na ga tsintsiya ƙauyanci ce. Na ɗauko tankin feshin Baba da yake zuwa gonar citta da shi, na zuba, na fesa har ruwa na ɗiga. Ban wanke tankin ba. Ban ma tuna cewa maganin kashe ciyawa ne abu na ƙarshe da ya shiga cikinsa ba.

Ganye ya fara nannaɗewa, ya yi fari, ya zube. Na yi ban ruwa, na yi addu'a, na yi azumi. Rassan suka bushe ƙayau. Abin da awaki da wuta suka kasa, ni na yi shi da ƙauna.

Tsoro ya hana ni faɗa. Na shiga mota zuwa Kafanchan, na sami mai sayar da fulawa a bakin titi. Ya nuna mini wata ros da ba ta yi fure ba tukuna, ya rantse da Allah ruwan ɗorawa ce. Da kowa ya tafi gona, na sare ta Kaka har ƙasa, na rufe kututturen da ƙasa da duwatsu, na dasa baƙuwar a gefensa. Mahaifiyarmu ta leƙa ta shinge ta tambayi yadda aka yi ta ƙanƙance, na ce aski na yi mata.

Da safiyar bikin na je dubawa, na ga tohon fure ya tsage. Abin da ke leƙowa ja ne. Na tsinke duk tohon da idona ya gani, na cusa a cikin zani, na koma wanke tukwane kamar mutuniyar kirki.

Da rana ta yi, matan zumunta suka taso da waƙa da kiɗan tulu, Rifkatu a tsakiya, dangin ango da suka zo daga Nok suna biye. Gwaggo Saratu, yayar Baba da ta zo daga Gwantu, ita ke riƙe da wuƙa. Ta buɗe shinge, ta janyo reshen da ke jikin bango. A jikinsa akwai fure ɗaya da ya ɓuya mini, ya buɗe sosai, ja wur.

Waƙa ta tsaya. Wata a bayana ta ce a hankali, “Kamar jini.” Wata ta ce tsohuwar ba ta yarda da auren nan ba. Dangin ango suka fara kallon juna. Fasto ya ce mu masu bi ba ma bin alamu, amma shi ma idonsa na kan furen. Na dubi Rifkatu. Ba ta yi kuka da murya ba, tana riƙe da tsumman da ta miƙa, hawaye ne kawai ke bin hodar fuskarta. Na gane in na yi shiru, da wannan tsoron za ta shiga ɗakin mijinta, ta zauna da shi har tsufa.

Na fito na durƙusa a gaban Gwaggo. Na faɗi komai: ƙwari, tanki, Kafanchan, duwatsu. Da na zo miƙewa kuma, tohon da na ɓoye suka zubo daga zanina a gaban surukai.

Gwaggo ta juyo gare ni. Ta ce, “Kin kashe, kin binne, kin ɗauko baƙuwa kin sa mata sunan uwata.”

Da ƙasa ta buɗe a lokacin, da na gode mata.

Ban ga fitar Mama Talatu ba, dawowarta na gani. Ta ratso mutane tana ɗingishi, rungume da tsohon bokitin fenti. A ciki akwai ros mai ƙaya, da furanni biyu ruwan ɗorawa. Ta ajiye a gaban Gwaggo, ta juyo gare ni.

“'Yata, ranar da kin ce za ki yi shawara, ni ma na yi nawa shawara. Na dawo ta bayan shinge da reza.”

Wasu suka yi dariya, Gwaggo ba ta yi ba. Ta yanki reshe daga bokitin, ta naɗe, ta sa a hannun Rifkatu, ta ce wannan na Kaka ne. Aka ɗora waƙa daga inda ta tsaya.

Da damina ta zauna, na je na kwashe duwatsun. Kututturen Kaka ya yi toho uku, ƙanana, suna neman hanya ta ƙarƙashin abin da na danne su da shi. Na zauna a wurin na yi kukan da ban yi ranar biki ba.

Shingen nan na cire shi. Yanzu ko wucewa ka zo yi ka kalli fulawar sau biyu, sai na bi ka da reshe. Na koyi cewa tsintsiyar Kaka ta fi tankin Baba hankali. Na kuma koyi cewa in an ba ka amana ka ƙi rabawa, to ka roƙi Ubangiji ya ba ka maƙwabciya mai reza.