Barmo da Giwar Asiya

A wani ƙauye da ke gefen gidan ajiye namun daji, an yi wani mutum wai shi Barmo. Gemu ya cika masa fuska, amma yadda ka faɗi magana haka yake ɗaukarta. Daga shi sai uwarsa Tabawa, sai kawunsa Shekarau mai kula da giwa. Tabawa ta yi ta roƙo har Shekarau ya ɗauke shi aiki.

Wata rana Shekarau ya nuna masa giwar, ya ce, "Wannan giwar Asiya ce. Ka ga kunnenta ƙarami, ba kamar na giwayenmu ba. Irinta sun kusa ƙarewa a duniya." Da azahar aka nemi Barmo aka rasa. Can sai ga shi ya taso Asiya mai ƙosai a gaba, tana ta masifa. Ya ce, "Kawu, ga mai ita. Wai ba ta san ta yi kiwo ba." Shekarau ya ba ta haƙuri har bakinsa ya bushe.

Wata rana kuma wata 'yar kallo tana miƙa wa giwar burodi da ledarsa. Shekarau ya hango, ya ce, "Barmo, je ka ja mata kunne!" Barmo ya haura shinge, ya kama kunnen giwar ya ja. Ita kuwa ta naɗe shi da hannunta, ta dasa shi cikin taɓo. Shekarau ya dafe kai, ya ce, "Ni Shekarau, me na yi wa Tabawa?"

Wata rana da safe Shekarau zai fita, ya ce wa Barmo, "Irin giwar nan a ƙasarsu yawo suke a daji. Yau ka bar ta ta sha iska." Da ya dawo sai ya tarar Barmo ya kwashe ruwan kwatarniyarta tas, giwa na tsaye tana huci.

"Ina ruwanta, don Allah?"

"Iska ka ce, Kawu. In da ruwa ba za ta sha ba."

Shekarau ya ɗaga sanda, sai idonsa ya faɗa ƙasan kwatarniyar. Ga gwangwanin maganin feshi a buɗe, wanda wani manomi ya zo ɗaurayewa ya sulluɓe masa. Likitan dabbobi ya zo ya duba, ya ce da ta sha da sai gawarta.

Shekarau ya zauna a ƙasa, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Barmo ya ce, "Amin, Kawu. To in ta ƙoshi da iskar, ta yaya zan gane?"