Ranar da Bargo Ya Sha Bula

"Lafiya lau, Rekiya, ya hanya? Ya mutanen Kurfi?"

Alhaji Dalhatu ya amsa gaisuwar ce daga inda yake zaune, wato cikin baho, ruwan kumfa har ƙugu, takalminsa ɗaya ya yi gaba zuwa bakin rariya. Ba zama ya yi niyya ba. Karensa ne ya fizgi igiya, santsi ya ƙarasa aikin. Kuma duk faɗin Dutsin-Ma a rasa wanda zai yi sallama a daidai wannan lokaci sai Rekiya, ɗiyar goggonsa, taubashiyarsa da suka taso suna yi wa juna tsiya tun ba su iya ɗaura zane da wando ba.

Rekiya ta sauke ƙullin kayanta a hankali, ta kifa turmi ta zauna, kamar wadda aka gayyato kallo.

"Ci gaba da wankanka, Alhaji. Ashe har yanzu a baho ake yi maka. In kira Hajiya ta kawo hoda?"

"Baiwa ba ta zama ubangidanta yana ƙasa. Tashi ki miƙo mini hannu."

"Ina da alwala."

Karen, wanda ake kira Bargo saboda gashinsa, ɗan Alhaji ne ya kawo shi daga Jos bayan an sace musu raguna biyu a turke. Ƙato ne kamar ɗan maraƙi, fari, gashi buzu-buzu har yana rufe masa ido. Tun zuwansa ko igiya ba a sake ɗauka a gidan ba, kuma Alhaji, da ya rantse ba zai zauna inuwa ɗaya da kare ba, shi ne yanzu ke ɓoye masa ƙashi a aljihu. To amma da damina ta sauka sai Bargo ya gano daɗin birgima a taɓon garke. Gashin ya cukurkuɗe, kaska ta samu gida, wari kuwa tun daga zaure yake tarar baƙo. Yau da la'asar mata za su kawo lefen autar gidan, Hajiya Mubina kuma ta yanke hukunci da safe: ko a wanke shi tas kafin baƙi su iso, ko a miƙa wa mafarautan Dabawa da suka daɗe suna roƙonsa.

Alhaji ya rarrafo ya fito, ya shafa farin gemunsa da jiƙaƙƙen hannu, kamar yadda yake yi duk lokacin da zai yi alfahari. Ya shaida mata cewa shi ba baƙon wanka ba ne. Ragunan da ya wanke ya kai kasuwa gabanin Babbar Sallah sun fi mutanen unguwarsu yawa. Omo, soso, sannan ɗan bula a ruwan ɗauraya, rago ya fito fari fat har mai saye ya kasa tayawa da arha.

"To ina karen?" in ji Rekiya.

Kamar ya ji ana cigiyarsa, Bargo ya fito daga bayan rumbu.

Rekiya ta dube shi, ta dubi Alhaji, ta sa gefen mayafi ta toshe baki. Gashin rago gajere ne, bula ta ɗan taɓa shi ta wuce. Na Bargo kuwa ya shanye ta kamar auduga. Tun daga kunne har jela ya koma shuɗi, irin na zanen da aka tsamo yanzu daga marina.

"Alhaji, yaushe ka bar kiwon raguna ka koma rini? Da na sani da na zo da tsofaffin zannuwana."

"Ke ba ki san kaya ba. A Jos irin wannan launin sai manya."

"Ƙwarai. In masu lefe sun zo sai a ce musu shi ne ɗan gaban goshin gidan, an yi masa anko."

"Ku da ba ku wanka sai ranar kasuwar Kurfi, me kuka sani a harkar sabulu?"

"Mu dai in mun yi, da launinmu muke fitowa."

Bargo ya tako har gaban mai gidansa, ya kafa ƙafafu, ya girgije. Farar rigar Alhaji da ke shanye a igiya, wadda aka wanke don tarbar baƙi, ta samu rabonta ɗigo-ɗigo. Alhaji ya sake shafa gemu, amma wannan karon ba alfahari a ciki. Ya dubi inuwar katanga da ta fara miƙewa, ya dubi ƙofar madafa inda ake jin muryar Hajiya, sai ya rage murya ya tambayi Rekiya ko akwai dabara. Ita mai kitso ce, kan da ya gagari mataji duk a gabanta yake laushi.

Ta ce akwai, amma ba a kyauta ba.

"Faɗi."

"Ka ce Rekiya uwargijiyata ce, ni ne bawa."

"Ɗan namiji ya zama bawan ɗiyar mace? Kakanninmu za su juya a kabari."

"To Allah ya kai shi Dabawa lafiya. An ce can sai kare ya kamo zomo ake ba shi kai."

Bargo ya kwantar da shuɗin kansa a ƙafar Alhaji, ya ɗago ido ta cikin gashi. Alhaji ya yi gyaran murya, ya faɗi maganar cikin haƙora. Rekiya ta ce iska ta kwashe, ba ta ji ba. Ya maimaita, har tantabarun kan rumbu suka tashi.

Daga nan ta kama mulki a kan turminta, ko yatsa ba ta tsoma a ruwa ba. Ta sa shi ya ɗebo ruwan ɗumi, ya matse lemun tsami a ciki, ya daina cuɗa gashin kamar mai wankin buhu. Ta ciro babban mataji daga ƙullinta ta jefa masa, ta ce daga bakin gashi ake fara tsifa ana hawa sama, kaska kuma a cire ta har da kanta a jefa a kalanzir. In ya ja da ƙarfi kare ya yi ƙara, sai ta ce, "Sannu, Bargo, haƙuri za ka yi, sabon bawa ne." Alhaji yana tsefewa yana ƙunƙuni, bokiti na bin bokiti, har shuɗin ya sauko ya koma kalar sararin sama bayan ruwa ya ɗauke. Gashin ya bushe ya tashi luf-luf.

Hajiya Mubina ta fito da ludayi a hannu. Ta zagaya karen, ta shaƙi iska, ta buɗe baki za ta yi magana, sai idonta ya faɗa kan mijinta. Dariya ta kama ta har ta dafa bango. Da ƙyar ta iya cewa wari dai ya tafi, a ɗaure shi a bayan gida har baƙi su watse, mafarauta su nemi wani.

Alhaji ya miƙe yana murmushi har kunne. Ya kamo jan zakaran da ya fi kowanne ƙiba ya ajiye a gaban Rekiya, ya ce sadaka ce ga talakawan Kurfi, kada ta ɗauka wani abu ne. Sannan ya miƙa mata matajinta, ya ce shi zai leƙa masallaci ya dawo ya tarbi surukai.

Rekiya ta rungume zakara, ta ƙi karɓar mataji.

"Riƙe shi, bawana, akwai sauran aiki. Bargo dai ya tsira. Amma ka leƙa madubi kafin ka leƙa masallaci, don gemun nan naka ya fi shi shan bula, kuma kai ko mafarautan Dabawa ba za su karɓe ka ba."