Rasuwar Fayaman, Katin da Ya Ja Jirgin Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Kambai Azariya, malamin kwamfuta a wata sakandare a nan Kafanchan, a madadin kaina da mahaifina Baba Azariya, tsohon direban jirgin ƙasa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da 'yan ikilisiya rasuwar ƙaunataccenmu Fayaman. Ya huta daga wahalarsa ranar Laraba da rana, a gidanmu da ke Takau, bayan gajeriyar rashin lafiya da 'yan gida suka haɗa hannu suka jawo masa.

Ga waɗanda ba su san marigayin ido da ido ba, Fayaman kati ne na cikin kwamfuta, irin wanda samari ke kira girafik kad. Shi ke zana duk hoton da ake gani idan ana buga gem. Na san akwai waɗanda za su kawo nan su taɓe baki su ce ashe abin wasan yara ne. Sun faɗa yana da rai, ba zan yi mamaki ba in sun maimaita a kan gawarsa. Ina dai roƙonsu su karanta har ƙarshe, ko don su san wanda za su yi wa ta'aziyya, domin ba ni ne babban mai makokin ba.

Tarihin marigayin ya fara ne tun kafin a ƙera shi. Tun da Mama ta yi barci cikin Ubangiji, Baba ya daina magana sai ta kama dole. Kullum yana ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida, fuskarsa wajen layin dogon da ciyawa ta kusa haɗiyewa, abinci ya huce a gabansa kaji su yi ta zagaye. Wata rana ya leƙo ɗakina ya tarar ina gwada wani gem na tuƙin jirgin ƙasa a tsohuwar laftof ɗina. Hoton ya yi gaba ya cije, ya yi gaba ya cije. Baba ya tsaya a kaina ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan ba jirgi ba ne. Jirgi ba ya shaƙuwa." Ya juya ya koma inuwarsa. Rabon da in ji magana mai tsawon haka daga bakinsa tun ranar jana'izar Mama, kuma a nan na ƙudurta sai na kawo masa jirgin da ba ya shaƙuwa.

Ba a zaɓi Fayaman da ka ba. Na yi binciken da ko gidan da za a auro 'ya ba a yi masa irinsa. Na kalli bidiyon masu gwaji har data ta riƙa ƙarewa a tsakiyar wata. Daga ƙarshe 'yan takara uku suka rage. Na farko ƙarami ne mai fanka ɗaya, mai tawali'u, ba ya cin wuta. Shi abokina Clinton, mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwa, ya tsaya wa. "Malam, ɗauki ƙaramin kawai," in ji shi, "tsoho ba zai gane difirens ba." Na yafe wa Clinton, bai san mutumin da yake magana a kansa ba. Na biyu tokumbo ne, wato na hannu, fes a ido, amma ya yi bauta a hannun masu haƙar kuɗin intanet, ba hutu ba Lahadi, cikinsa ya riga ya tsufa. Na uku shi ne marigayin. Fanka uku, ƙwaƙwalwa mai faɗi, tsawonsa daga gwiwar hannu zuwa yatsa, nauyinsa har sai an yi masa tokari. Idanun Baba sun yi rauni, sai da babban allo da hoto tangaran zai hango fitilar sigina tun daga nesa, kuma a cikin ukun babu mai ɗaukar wannan kaya ba nishi sai shi.

Babur ɗina ya tafi a wannan hidima. Tun daga lokacin a keke nake zuwa makaranta, kuma dangi suka sami sabuwar gaisuwa, kowa ya gan ni sai ya tambayi lafiyar babur. Na je Kaduna da kaina na ɗauko shi, na rungume shi a cinya muka biyo ta Kachia, duk ramin da mota ta faɗa sai na ji shi a ƙirjina. Da muka iso ya ƙi shiga tsohon akwatin kwamfutar, na sake masa sabo mai ƙofar gilashi. Abin ba shi wuta ya yi masa kaɗan, na sake. Na sa masa sitabilaiza, na sa masa batir da sola, hadari na haɗuwa na zare waya, yaran maƙwabta kuwa ko labulen ɗakin ba sa taɓawa. Duk maƙiyin da na sani na gina masa katanga a gabansa. Ban taɓa tunanin in kulle ɗakin saboda mutanen da nake cin tuwo da su ba.

Marigayin mai haƙuri ne, mai ƙwazo, ba ya son surutu. In an tashe shi sai ya ce "fuuu" a hankali, ya yi shiru. Sai jirgi ya kama hawa da cikakken kaya ake jin muryarsa, "huuum", ƙasa-ƙasa, irin ta mawaƙin bes, mai kaurin murya a bayan mawaƙan coci, da ya san ba a zo don shi ba. Ranar farko Baba ya ɗauko hularsa ta aiki daga kan ƙusa ya sa, ya zauna. Ya kai tafin hannu kusa da gilashin ya ji ɗumi, ya tambayi mene ne a ciki. Na ce shi ne mai shan zafi don jirgin ya tafi. Ya ce, "To, fayaman ke nan." Da wannan aikin shi ma ya fara, zuba gawayi a bakin wuta, kafin a ba shi tuƙi. Haka aka raɗa wa marigayin suna, ba fasto ba shinkafa.

Zan ba da shaida a gaban kowa cewa bai taɓa shaƙuwa ba. Ya zana ruwan sama a gilashin jirgi har Baba ya zaro hankici zai goge allo. Layukan gem ɗin na ƙasar Turawa ne, ƙanƙara ko'ina, amma Baba bai damu da abin da aka rubuta a tashoshin ba. Wannan Zonkwa ce, waccan Lafiya, mai dogon gada Makurɗi. Bai taɓa wuce dandamali da taku ɗaya ba. Ya koma cin abinci, domin a cewarsa direba ba ya tashi da cikin wofi. Ya koma ba da labari. A bakinsa na ji cewa a tasha ya fara ganin Mama tana sayar da lemo, kuma duk ranar da ya dawo daga tafiya yana busa ham sau biyu tun daga bayan gari don ta ɗora ruwan wanka. A gem ɗin ma haka yake yi kafin tashar ƙarshe, sau biyu, sai ya ɗan jira. Ni da ƙanwata Damaris mukan yi kamar ba mu ji ba.

Ciwon ajali ya shigo da damina. Damaris tana sayar da garin citta, rana kuwa ta yi kwanaki ba ta fito ba, garin ya fara daddanƙewa. Allah ya yi ta da lura. Ta gano iska mai ɗumi na fita daga kwamfutar, sai ta riƙa jira in tafi makaranta, ta buɗe ƙofar gilashin, ta ajiye faranti a bakin fankokin, Baba na tuƙi citta na bushewa. Da na kama ta ko kunya ba ta ji ba. "Broda, ai fanka ne. Iska kawai na ara, ban cire komai ba." Gaskiya ne, ba ta cire komai ba, ƙarawa ta yi. Marigayin ya shaƙi citta har fankarsa ta tsakiya ta fara "ƙi-ƙi-ƙi", ɗakin kuma ya riƙa ƙanshin teburin mai shayi. Na ce wa Baba ya huta da tuƙi zuwa Asabar, in kai shi wurin Clinton a buɗe a share. Ya kasa kunne ya saurari ƙarar, ya ce, "Injin yana kuka, Kambai. Direba ba ya barin injin nashi da kuka." Na ɗauka jaje yake yi.

Ranar Laraba ina aji, Baba ya jawo akwatin ƙarfensa daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai butar mansa mai dogon baki, wadda ya yi ritaya da ita, da sauran baƙin mai a gindinta. Ya buɗe gilashin, ya shayar da fankokin ɗaya bayan ɗaya, da hannu sake, yadda ya saba shayar da ƙafafun jirgi kafin doguwar tafiya. Ya goge baki da tsumma, ya sa hula, ya tayar. Damaris tana tsakar gida ta ji kalaman marigayin na ƙarshe. "Girrr. Girrr." Sai "tas". Daga nan allo ya yi baƙi, warin citta da aka soya da baƙin mai ya cika gidan.

Clinton ne ya duba gawar. Ya ce man ya tsufa, akwai ruwa da garin ƙarfe a cikinsa, ya haɗu da citta ya zama kunu, fankokin kuma suka watsa shi lungu-lungu. Na tambaye shi ko akwai abin yi. "Malam, sai dai addu'a," in ji shi, "ita ma ba ta tayar da shi ba ce." Mai shagon Kaduna ya shinshina katin sau ɗaya ya miƙo mini abina, ya ce garantinsu bai shafi miya ba. Na tambayi sabo. Farashin ya yi gaba ya bar ni, kuma babur ɗaya Allah ya ba ni.

Na gaya wa Baba masu wuta ne suka kawo ta da ƙarfi. Wannan ne karo na farko da aka ɗora musu laifin da ba su yi ba, su riƙe shi a madadin sauran. Saboda haka ina roƙon duk wanda wannan sanarwa ta shiga wayarsa, kada ya karanta wa Baba. Wayarsa ƙarama ce mai tocila, ba za ta kai masa ba sai in wani mai dogon baki ya kai. Wanda ya zo ta'aziyya ya ce wuta ce, ya yi shiru. Ba na so dattijon nan ya san cewa hannun da ya yi shekaru yana raya injin shi ya kashe wannan.

Marigayin ya rasu ya bar gwauruwarsa madabod, babban faifan cikin kwamfutar da aka dasa shi a kai, da gurbinsa a jikinta wayam. Ya bar babban allo wanda yanzu ba ya nuna komai sai fuskar mai kallonsa, da kibod da maɓallin ham ya goge. Ya bar sitabilaiza da batir, masu gadi biyu da suka tsare ƙofar gaba da aminci har aka gama ɓarna ta ƙofar gilashi. Ya bar Damaris, wadda jiya ta tambaye ni ko za a iya cire mata fanka ɗaya tunda ba ya amfani da su. Ya bar jirgi ɗaya cike da fasinja tsaye a daji tsakanin Lafiya da Makurɗi. Ya kuma bar Baba, wanda ya koma ƙarƙashin mangwaro, kaji kuma sun koma zagaye kwanonsa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, a bayan gida, ta gefen layin dogo. Babu kwanan zaune, babu kanofi, babu anko. Fasto ya ba da haƙuri, ya ce littafin sujada bai tanadi irin wannan ba, don haka Clinton zai karanta tarihin marigayin daga jikin kwalinsa. Ana roƙon Zumuntar Mata kada a kawo kunu ko zoɓo mai citta. Waɗanda suka kira shi abin wasa an ware musu benci a baya, a rana.

Akwai gyara ɗaya a tsarin. Na riga na kawo nan a rubutu, da safen nan na buɗe kwalin don in gyara wa marigayin kwanciya. Na tarar da butar man Baba a gefensa, an juye ta, an goge ta tas, hular aiki kuma a ninke a kansu. Ba ni na sa ba, Damaris ta rantse ba ita ba ce. Na fita na same shi a inuwarsa, na durƙusa na ce, "Baba, wuta ce fa." Bai juyo ba. Ya ce, "I, wuta ce. Je ka rufe kwalin."

Saboda haka roƙona na nan yadda yake. Ku zo ku ce masa wuta ce, zai amsa muku da i, ku bar shi haka. Za a faɗaɗa ramin kaɗan, domin su uku za a binne. Ba za a busa ham ba. Mutum ɗaya ne a gidan nan ya san yadda ake busa shi, na tambaye shi, ya ce babu mai ɗora ruwa.