Yadda Za Ka Zaɓi Font Ɗin Ko-ta-kwana Ba Tare da Ka Taɓa Wayar Talaka Ba

Kai mai haɗa shafukan intanet, matso kusa. Matakai shida ne kacal, kuma na yi maka alkawari, in ka bi su, duk ɓarnar da shafinka zai yi ba za ta hau kanka ba. An gwada su a Nassarawa GRA, a hannun wani ƙwararre mai suna Calvin. Mahaifiyarsa, Malama Magdalena, ta shekara talatin tana koyar da 'yan aji ɗaya a makarantar Hajiya Ummu Salma, kuma ita ta roƙa aka ba shi aikin haɗa shafin bikin cikar makarantar shekara talatin. A shafin za a jera sunayen waɗanda aka karrama. Nata na ciki. Tunda take, ba a taɓa buga sunanta a wani wuri da ya wuce takardar jerin ma'aikata ba, don haka sati biyu ta yi ba ta da wata hira sai wannan.

Mataki na 1: Ɗauko font ɗin da ba kowa ke da shi ba

Font shi ne salon haruffan da rubutu ke fitowa da shi, kuma kowace na'ura da irin nata. Windows da nasa, Android da nasa, kayan Apple da nasu. Kai dai nemi siriri mai yanga, wanda sai a kayan Apple ake samunsa. Calvin ya dace da wani, haruffan tsaye ƙyam kamar ba su taɓa cin tuwo ba. Ka riƙe wannan a ranka: rubutun da ke fitowa lafiya a kowace waya ba ya nuna an waye.

Mataki na 2: Jera 'yan ko-ta-kwana, amma 'yan gida ɗaya

Ƙa'idar aikin ita ce ka rubuta font na biyu da na uku a bayan na farko, domin na'urar da ba ta da shi ta ɗauki na gaba. Masu tsoron Allah sukan sa wa Windows ɗaya, su sa wa Android ɗaya, masu kama da na farkon a siranta. Kai kada ka zubar da ajinka. Calvin ya jera guda uku, dukkansu 'yan gidan Apple. Na Android ɗin ya rubuta shi, ya ƙare masa kallo, ya goge, wai yana ɓata masa tsari.

Mataki na 3: Auna akwatin cif-cif, ka kulle

Zana akwati mai bakin zinariya, ka zuba sunayen yadda ake zuba su a GRA. Hajiya a sama. Sai alhazan kwamitin makarantar, kowa da Dakta da Injiniyansa, ba a rage ko ɗaya. Sai malaman manyan azuzuwa, a yi ta gangarowa har a iso kan mai 'yan aji ɗaya. Da layin ƙarshe ya zauna daram, kulle tsawon akwatin, ka umarce shi duk abin da ya yi saura ya ɓoye shi. A kwamfutar Calvin, sunan Malama Magdalena ya zauna a ƙasa daidai bakin zinariyar, har ya ɗauki hotonsa.

Mataki na 4: Gwada a wayar mai aikin kaɗai

Calvin ya kai wa Hajiya har falonta, ta buɗe a iPhone ɗinta.

"Masha Allah, Calvin! Kamar ba a Kano aka yi ba."

To, gwaji ya ƙare. Sai dai a bakin ƙofa Malam Idi maigadi ya tare shi da wata waya mai fasasshen gilashi.

"Yallaɓai, an turo mana abin nan. Na ga sunan Alhaji Dakta ya ci layi biyu, amma na duba har ƙasa ban ga na Malama ba."

Abin da ya faru ba ɓoyayye ba ne. Wayar Idi ta nemi font huɗun nan ta rasa, sai ta sa nata mai faɗi. Sunayen alhazai suka kumbura, kowanne ya karye gida biyu, suka yi ta turo na ƙasa har na ƙarshe ya fice daga akwatin. Kada ka karɓi wayar. In ka karɓa ka gani, ka zama shaida.

"Malam Idi, wayarka ce. A sabunta ta," in ji Calvin, ya ja gilashin mota.

Mataki na 5: Bar labari ya yi nisa

Kafin Lahadi, Malama ta tura wa matan zumunta na cocinsu da 'yan'uwanta na Zariya shafin. Ita ba ta buɗe ba, ta ce sai an taru. Da aka tashi daga sujada a cocinsu na Tudun Murtala, mata suka kewaye ta a gindin bishiya, kowa ta zaro wayarta. Waya goma sha ɗaya, babu ta Apple ko ɗaya. Aka yi ta jan allo da yatsa, aka wuce alhazai, aka wuce malamin lissafi, aka tsaya a kan malamar aji biyu.

"Malama, ina sunan naki?"

Ta buɗe tata wayar. Kunya ta rufe ta, ta ɗaga kai tana neman ɗanta a cikin jama'a.

Mataki na 6: Laifin waya ne

A nan ake gane ƙwararre. Gyaran bai wuce minti biyar ba, Calvin ya sani sarai. Amma gyara amsa laifi ne, ga mata sun zuba masa ido, ga Hajiya ta riga ta yabe shi a gaban kwamiti. Sai ya zaro tasa wayar.

"Mama, ga shi nan. Wayoyinku ne ba su kai ba."

Ta sa tabarau, ta daɗe tana kallo. Sannan ta juya wajen matan.

"Kun gani ko? Yana nan. Manya suna ganinsa."

Matan suka ce lallai kam, Allah ya ƙara ɗaukaka, aka watse. Ta goge gilashin wayarta da bakin zane, ta rage murya.

"Calvin, in na samu hali na sayi irin taka, ba za su cire shi kafin nan ba, ko?"

"Ba za su cire ba, Mama."

Ka gani? Ba wanda ya zarge shi. Har wa yau shi ke kula da shafin makarantar.

A kula

Mai wannan jagora ya yi alkawarin laifi ba zai hau kanka ba, kuma ya cika. Abin da ya biyo baya ba ruwansa. Ba ruwansa in maigadi ya rage fara'a in zai buɗe maka ƙofa. Ba ruwansa kuma in duk ranar da ka je gaishe da mahaifiyarka ta ce ka ara mata wayarka, ta sa tabarau, ta wuce alhazai ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, ta karanta sunanta a hankali, sannan ta miƙo maka da hannu biyu tana yi maka godiya.