Tasalla Ta Ƙi Hawa Tudu

"Lahiya lau na kwana, ganinka ne dai ya ɓata mini sahiya," in ji Tasalla, ba ta ko ɗago kai daga kaɗin audugarta ba.

Jikanta Tanimu ne durƙushe a ƙofar ɗaki, direban kamyon da ke kai gyaɗa Kano. Shekarar da gulbi ya ci Maraɗi ce. Kumandan, Anasaran da ke mulkin garin, ya ce kowa ya bar kwari ya koma tudu, unguwa duk ta watse, saura tsohuwar nan da ɗaki guda da ruwa ya raga mata. Gardi kuwa, ɗan sandan kumandan, ya rantse zai dawo da masu rusau.

"Amarya, mota na bakin hanya. Tashi in kai ki sabon gida."

"Wa ce amaryarka? Miji mai warin baƙin mai? Ko kyauta ba ni so."

"Kin san mi Ingilishin Kano ke ce ma irinki? Mai zuciyar dutse."

"Madalla da su. Dutse ai ruwa bai tahiya da shi."

"Zagi ne fa, tsohuwa!"

"A garinsu."

"Sun ce kuma in mace ta ƙi mutum, zuciyarshi karyewa take. To ga tawa ta karye."

"Ashe ka san kanka! Nan garin mai karyayyar zuciya matsoraci ne. Gardi ya yi tari kawai, kuka kwashi awaki kuka hau tudu."

"Ni? Da sun gan ni cewa za su yi zuciyata ta zinariya ce."

"Rufe bakinka kar su ji. Su tsaga ƙirjinka su ɗura ta a buhu kamar gyaɗa." Ta murza mazari. "Kai, mutanen nan komi zuciya? Ba su da ciki ne? Ina suke aje baƙin cikinsu?"

"Ke ina kika aje naki?"

Mazarin ya tsaya. Tasalla ta dubi wata kurna da ke jikin dangar da ta faɗi.

"Can gindin kurnar aka binne cibiyar ubanka. Nan kakanka Maidawa ya kawo ni, nan ya cika. Anasaran da bai san sunana ba ne zai ce in tashi?"

Tanimu ya matso kusa da ita. Ya tuɓe takalmi, ya miƙe ƙafa bisa tabarmarta.

"Mi kake yi?"

"Na yi zuciya. Wannan ba ta Ingilishi ba ce, wurinki na gada. Gardi ya zo ya rusa kanmu mu biyu."

Ta tsura mishi ido, ta ga ba wasa a fuskarshi. Ita tsohuwa ce, iyaka su ɗauke ta su aje waje. Shi kuwa ta san inda ake kai samari masu gardama: aikin hanya na tilas, wasu ba su dawo ba.

Sai ta tuntsire da dariya, ta kwance bakin zane, ta jefa mishi goro.

"Tashi, ɗan banza. Zan tahi, amma ba don kumandan ba. Duk wanda ya tambaya, ka ce biko ka zo, ka yi ta kuka har na ji tausayinka."

"Kuka kuma? Ni, direba guda?"

"Fara tun nan, mutanen tudu su jiyo. In ban ga hawaye ba, ba ni hawa motar."