Kaskon da Na Yaba

Da muka gama aikin gona, direban taraktata ya ce mu shigar da haro cikin gida, wato jerin faya-fayan ƙarfen da take ja. Na ce, "Wa ka iya ɗaga wanga ƙarfe? Bar shi waje."

Da sanyi ya shigo, sai ga sabon kaskon ƙarfe cike da garwashi a majalisarmu ta Ƙofar Dundaye. Na fi kowa yabonsa, har na ce a samo mini irinsa.

Gab da damina direba ya leƙa haron. "Alhaji, faifai biyu babu."

Ashe su aka mayar kasko: ɗaya yana majalisa, ɗayan yana ɗakina, har godiya na yi da aka kawo shi.

Har yau, da sanyi ya kama, maƙwabta kan tambaye ni, "Alhaji, bana ina za a aje haro?"