Raƙumar Baba Agali da 'Ya'yan Lidona

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi baƙona na farko a Dakoro ba, kuma ko ni na manta, 'yan fadar layinmu suna nan za su tuna mini.

An turo ni garin ne in koyar da tarihi a kwalej. Ban san kowa ba, ba wanda ya san ni. Da safe in tafi lakwal, wato makaranta, yara su yi ta "Mushe, Mushe" (haka ake kiran malami a nan), da rana in dawo in dafa taliya in ci ni kaɗai. Abokan aikina duk magidanta ne, ana tashi kowa zai hau moto ya nufi iyalinsa. A bakin layinmu akwai fada, maza a ƙarƙashin bishiyar bedi suna shan shayi suna buga kartar belot. Kullum sai na wuce su, in yi sallama, su amsa, in rage tafiya ko wani zai ce "Mushe, bismilla", amma shiru. (Har tsayawa na taɓa yi a gabansu ina gyaran takalmi, takalmin da ba abin da ya same shi.)

Abin da na fi kewa shi ne wasanmu na Yamai. Muna jami'a muka koye shi ni da abokaina. Ana zama ne a kewaye tebur, mutum ɗaya ya riƙa ba da labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya riƙa faɗin abin da zai yi. In ka ce za ka tsallake katanga ko ka kai wa wani sara, sai ka jefa 'ya'yan lido, lambar da ta fito ita za ta nuna ka dace ko ka sha ƙasa. Namu 'ya'yan lidon ba irin na kasuwa ba ne, wasu fuska goma gare su, wasu ashirin.

Ni ne mai ba da labari, kuma lokacin da aka turo ni muna tsakiyar wani labari na ƙasar Japan. Na ƙwallafa raina a kan wasu dabarun faɗa guda biyu na can. Ɗaya jukendo, wato suka da wuƙar bakin bindiga, wanda suke koya da doguwar bindigar katako. Ɗayan tankendo, faɗa da gajeren takobi, kamar an cire wuƙar daga bindigar an riƙe a hannu. A dokar wasan, mai dogon makami ke da galaba, sai fa in mai gajere ya samu ya kutsa jikinsa ya cafke masa hannu. Abokaina sun yi alkawarin za mu ci gaba ta waya. Rezo, wato layin waya, ya yanke mana sau da yawa, wannan ya yi aure, wancan ya samu aiki, maganar ta bi ruwa.

Sai na koma yi ni kaɗai. Bayan la'asar in shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in jefa 'ya'yan lido, in yi magana da babbar murya a matsayin tsohon malamin takobi, in amsa wa kaina da siririya a matsayin ɗalibarsa. Don in gane yadda gajere ke cin dogo, na je kasuwa na sayo taɓarya da muciya, ni da ba ni da turmi ba ni da tukunyar tuwo. Daga bidiyo na koyi cewa in za ka kai suka sai ka buga ƙafa a ƙasa ka kurma ihu. Na riƙa bugawa ina kurmawa. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa katangar gidan iya kafaɗa take.

Na ma taɓa nuna wa mai shagon layinmu 'ya'yan lidon, na ce in ya ga mai sha'awa ya turo mini shi. Ya ja da baya kaɗan ya ce, "To, Mushe, Allah shi tsare." Na ɗauka addu'ar fatan alheri ce.

Wata ranar kasuwa da yamma sai na ji sallama a ƙofata. Na yi tsammanin gidan maƙwabta ake nema, don ni ba a yi mini sallama. Na leƙa na ga dattijo da rawani, ya rungumo zakara ɗaure da ƙafafu. Ya ce sunansa Agali, makiyayi ne daga wajen Birnin Lalle.

"An ce mini kai ne mai duwatsun ga da ake jehwawa," in ji shi.

"Ni ne, Baba! Kana so a yi?"

"Shi ya kawo ni."

Nan da nan na hura gawayi don shayi. Na ɗauko kofin shayina na biyu, wanda tun da na saye shi ba bakin da ya taɓa shi, na wanke shi tas. Na ce wa raina yau dai Allah ya kawo mini abokin wasa. Zakaran kuwa na ɗauka cefanensa ne na kasuwa.

A wasanmu, kowa kan fara ne da faɗin abin da mutuminsa yake nema a labarin. Na ce, "Baba, me kake nema?"

"Raƙumata. Ja ce, da tabo ga cinyar hagu. Tun kasuwar da ta wuce ban gan ta ba."

Na kusa yin hawaye don daɗi. Abokaina na Yamai sai su ɓata rabin yini kafin su ƙirƙiro suna, ga dattijo zaman farko ya kawo raƙuma har da tabonta! (Na san ba raƙuma a labarin Japan, amma mutumin da ya daɗe bai samu abokin hira ba ba ya tsayawa gyara.) Na jefa, ƙaramar lamba ta fito. Na ƙanƙance ido, na sauke murya can ƙasa na ce, "Ba ɓata ta yi ba. Korar ta aka yi."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Raina ya ba ni. Ina take?"

Na sake jefawa. Don in faranta masa sai na kai labarin yankinsu, na ce tana bakin wata rijiya bayan Birnin Lalle, ga mutum tsaye a kanta da dogon makami.

"Mutumin dogo ne?"

"Dogo."

"Da giɓi?"

Gwanin mai ba da labari ba ya ƙin abin da ɗan wasa ya kawo. Na ce, "Da giɓi, Baba. Yanzu sai ka zaɓi makami, dogo ko gajere."

"Sai an yi hwaɗa ke nan?"

"Ba makawa," na faɗa ina murmushi har kunne.

Ya janye hannun rigarsa, sai ga wuƙa ɗaure a damtsensa. "Gajera gare ni."

Nan fa na tashi tsaye. Wata da watanni ina jiran wanda zan nuna wa wannan. Na damƙa masa taɓarya, na ɗauki muciya, na nuna masa yadda ake kauce wa tsinin, a kutsa, a cafke hannu, a kai suka a ƙirji. Na buga ƙafa na kurma "Yaaa!" har zakaran ya zabura.

Baba Agali ya ajiye taɓaryar, ya ɗauko zakaran ya dire a gabana. "Ga na mutanen naka, a gode musu. Mai giɓin nan ƙanen matata ne. Shi ka shayarwa ga rijiyar nan, kuma tun tuni zuciyata ba ta kwanta da shi ba." Ya gyara zaman wuƙarsa ya fita.

Na tsaya ina kallon zakara, zakara yana kallona. Mutanen nawa? Waɗanne mutane? Sai komai ya faɗo mini lokaci guda: katanga, muryoyi, addu'ar mai shago. Aljanu yake nufi! Dattijon duba ya zo a yi masa, raƙumarsa ta gaske ce, ni kuma na tura shi da wuƙa wurin wani bawan Allah mai giɓi.

Na fita a guje ba takalmi, muciya a dama, zakara a hagu. Ban cim masa a ko'ina ba sai daidai gaban fada.

"Baba, tsaya! Ban san inda raƙumarka take ba! Wasa ne!"

Ya juyo. "Wasa? Kai da wa?"

"Ni kaɗai."

"To muryoyin ga da ake ji cikin gidanka?"

"Ni ne, Baba. Duk ni ne. Ba ni da abokin yi ne. Tun da na zo garin nan ba wanda ya taɓa yin sallama a ƙofata sai kai."

Karta ta tsaya a hannun masu belot. Ɗaukata boka da aka yi bai ba ni kunya ba kamar wannan maganar da ta fito daga bakina a bainar jama'a, ni ƙaton mushe, riƙe da muciya. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Baba Agali ya dube ni. Sannan ya miƙo hannu ya karɓi zakaransa. "Ni raƙuma nike biɗa, yaro. Naka ya hi nawa. Allah shi kawo sauƙi." Ya kama hanyar tasha.

Mai dafa shayin fadar, wani Laminu, shi ya fara magana. "Mushe, mu hwa tsoronka muke. Mutum shi sayi taɓarya ba turmi, shina ihu shi ɗaya cikin gida?"

Na ce, "Ai ba ku taɓa cewa in zauna ba."

"Fada gayyata ake? Zama ake yi." Ya gusa a kan benci.

Raƙumar dai an same ta daga baya ɗaure a gidan wani mai gari, gonar wake ta shiga. Ƙanen matar Baba Agali har yau bai san abin da na kusa jawo masa ba. A layinmu sunana ya koma Bokan Japan. Na gwada koya musu wasan, suka saurari dokokin jukendo iya kofi ɗaya, sannan Laminu ya raba karta. Har yanzu ni kaɗai nake jefa 'ya'yan lidona, sai dai a cikin ɗaki, da murya ƙasa-ƙasa, kuma wata rana kewar Yamai takan kama ni.

Abin da na koya shi ne, in mutum ya yi maka sallama rungume da zakara, ka fara tambayarsa abin da ya kawo shi kafin ka zaɓar masa makami. Kofin shayina na biyu kuwa na kai shi fada. A can ne yake samun baki.